Farin Tiyo da Kore

Sansanin bakin Yuma, Arizona
Nuwamba, 1987

Ƙanwata Marlys,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da kajinki da wannan gwiwar taki da ba ta gajiya da ƙorafi. Ni dai ƙalau nake. Na iso tun makon jiya, kuma ni na tuƙo motar da hannuna tun daga ƙofar gidanki har nan, ko shingen wani ban goga ba. In ɗana Curtis ya bugo miki waya da tambayoyin nan nasa na 'yan sanda, sai ki faɗa masa haka. Tun da ubansa Orval ya rasu yaron nan ba shi da zance sai na makullin motata. Wai mace mai shekara saba'in da 'yan kai ba ta zama ita kaɗai a motar tafi-da-gidanka. To a ina zan zauna? Gida mun rabu da shi tun Orval na da rai. Wannan motar ita ce ɗakina, ita ce kicin ɗina, a cikinta mijina ya cika. Ran da aka raba ni da ita, a haƙa min kabari kawai.

A waje nake rubuta miki, ƙarƙashin rumfa, da riga mai gajeren hannu. Na ji a rediyo ƙanƙara ta fara rufe ku. Sannu, Allah ya ba da haƙuri.

An ba ni wurina na kullum, kusa da famfo. Sai dai an haɗa ni da sabon maƙwabci, wani tsoho wai shi Hobart. Matarsa ta mutu bara, ya sayi mota ya shigo hanya bai san komai ba. Marlys, ranar farko na leƙo na ga mutumin nan ya yar da bakin farin tiyonsa a ƙasa, a ƙasa fa, inda karnukan sansani ke tsugunawa, sannan ya ɗauka ya hura masa iska ya maƙala a motarsa. Na ce, "Bawan Allah, matarka ciwo ne ya kashe ta, ko ruwan da kake ba ta?" Opal, wadda ke shirya mana cin abincin taro na ranar Laraba, ta ce na yi tsauri. Na ce tsaurin ne ya sa duk shekarun da na yi a hanya cikina bai taɓa murɗawa ba.

Na zaunar da shi na koya masa daga tushe. Farin tiyo na ruwan sha ne, ba ya taɓa komai sai famfo da bakin tanki. Kore na wanke tankin bayan gida ne, shi ba ya shiga cikin mota, a baya ake rataye shi, a waje. Kafin ka ɗaura fari sai ka fesa wa famfon ruwan bilic, don ba ka san wane ƙazami ne ya ɗauraye bututun masai a wurin kafin ka zo ba. In ka gama ka tsiyaye shi, ka naɗe, ka murɗa bakunansa biyu a haɗe da juna yadda ko kiyashi ba zai shiga ba, ka sa shi a bokitinsa shi kaɗai. Duk abin da na faɗa sai ya ce, "To, ranki ya daɗe." Yanzu in ya hango ni sai ya ruga ya duba tiyonsa. Hakan ya fi masa.

Sai maganar da kika yi min ranar da zan taso, wai ko bana zan tafi da ke ki ga hunturu ɗaya babu ƙanƙara. Na gan ki tsaye a bakin hanya da rigar sanyinki kina jiran amsa. Kakata da kakarki ciki ɗaya suka fito, don haka ba zan yi miki kwana-kwana ba. Zaman mota ba na kowa ba ne. Ke da kika ja farin tiyona ta cikin kashin kaji kika ba tumatir ruwa, ranar da dangi suka taru? Ban manta ba, kuma na san ke ma ba ki manta abin da na faɗa miki a gabansu ba. Ki zauna da kajinki, su sun saba da ke.

Ki gaida mutanen coci. In an yi wainar dankalin Kirsimeti ki aiko min, amma ki wanke hannu.

Yayarki,
Verna

Dakota ta Arewa
Disamba, 1987

Yaya Verna,

Na samu wasiƙarki, na gode da kika tuna da gwiwata. Tana nan tana yi, musamman in na fita kwashe ƙanƙarar ƙofa da safe. Kaji lafiya, sai guda ɗaya da sanyi ya kashe. Na ji daɗi da kika isa lafiya.

Maganar tafiya na ji amsa, ba komai. Da ma ba don kaina kaɗai na tambaya ba. Shekarun da na yi ina jinyar mahaifiyarki a ɗakin baya, ina juya ta, ina canza mata shimfiɗa, lokacin da ke da Orval kuke aiko mana da hotunan hamada, kullum takan ce, "Verna za ta tafi da ke wata rana, ta yi min alkawari." Na so ne in ga ko alkawarin yana nan. To na gani. A wancan lokacin dai ba wanda ya taɓa tambayata ko na wanke hannu.

Curtis ya bugo, na faɗa masa abin da kika ce in faɗa. Ya biyo ta nan da ya zo farauta, ya ga akwatin wasiƙuna na bakin hanya a karkace, ya tambaya, na ce iska ce. Ba iska ba ce, Yaya, bayan motarki ne ranar da kika fita. Amma tunda ke ba ki gani ba, na ce bari in bar laifin a kan iska.

Wani abu kuma, faɗa kawai nake yi. Rubutunki ya canza. Da layinki a miƙe yake sambal, yanzu gangarowa yake yi, wasu kalmomin sai su kai bakin takarda su faɗi. Wataƙila teburin ne ba daidai yake ba.

Wannan bawan Allah Hobart, ki ɗan sassauta masa. Mutumin da ya binne matarsa bara ba ya bukatar a tambaye shi me ya kashe ta. Amma kin fi ni sanin zaman mota, ni kaji kawai na sani.

Ga wainar nan na aiko. Na wanke hannu, na sake wankewa, da Fasto na kusa da na sa shi ya shaida. Barka da Kirsimeti.

Ƙanwarki,
Marlys

Sansanin bakin Yuma
Janairu, 1988

Marlys,

Gaisuwa. Kin ji ni shiru, ban ji daɗi ba ne, amma na warware. Wainarki ta zo a farfashe. Teburina daidai yake, rubutuna ma daidai yake, ke ki sa a duba miki tabarau.

Bari ki ji abin da ya faru daga bakina, don na san in ban faɗa ba za ki ji shi a karkace. Larabar bayan sabuwar shekara ni na kai shayin rana wurin cin abincin taro, wanda ake jiƙawa a tulun gilashi a bar shi a rana ba a dafa ba, a zuba masa ƙanƙara. Kowa ya san shayina, har layi ake yi. Kafin ƙarshen mako rabin sansanin na kwance, amai da gudawa, layin ban-ɗaki har ya kai ƙofar ofis. Mijin Opal, da ma ba wani ƙarfi gare shi ba, sai da aka kai shi asibiti aka sa masa ruwa. Ni ma na ɗanɗana, da ma tun kafin Kirsimeti cikina ke min wasa-wasa.

Aka shiga bin kwanon kowa. Wasu suka ce salak ɗin dankali ne, wasu suka ce kazar wance ce. Sai Opal ta ce abu ɗaya ne duk wanda ya kwanta ya sha. Ta faɗa tana kallon ƙasa. Ni, Marlys! Ni za a zarga da ƙazanta!

Na koma mota na buɗe famfon kicin na shinshina, na ji ruwan da ɗan bashi. Na fita na duba tiyon da ke ɗaure, fari ne. Na zagaya baya inda kore ke rataye, sai na ga shi ma fari. Farare biyu! Korena ya yi ɓatan dabo. Nan take na gane. Kafin Kirsimeti Hobart ya zo da kayan aikinsa wai zai ɗaure min ƙarfen baya da ya saki, neman shiri yake yi. Ranar na kwance komai zan je zubar da tanki. Shi ya sauke tiyon baya da hannunsa. To kin ji. Ya ɗauke korena mai kyau, ya bar min tsohon ƙazamin farinsa a gefen famfo, ni kuwa da na dawo na ga fari na ɗaura. Sata ce ko ramuwa ce kan maganar matarsa, oho masa. Na kwance abin da safar hannu, na ƙulle a baƙar leda na tura ƙarƙashin mota, ko kallonsa ba na son yi.

Laraba na zagayowa na miƙe a gaban kowa na faɗa. Hobart ya tashi yana in-ina. "Ranki ya daɗe, ban ɗauki komai ba, inda na sauke nan na bari." Na ce, "To koren ƙafa ya yi ya tafi?" Ya ce, "Ai koren naki ne ya..." Na ce, "Rufe min baki! Ka kashe ɗaya bai ishe ka ba, sai ka haɗa da mu?" Ya koma ya zauna. Hawaye, Marlys, ƙato da shi, har cikin gashin baki. Daga ranar ba wanda ya ƙara zama teburinsa, ko gaisuwarsa ba a amsawa. Jiya ya naɗe rumfarsa ya tafi ba sallama. Can ya ƙarata.

Na wanke tankin ruwan da bilic har sai da idona ya yi hawaye, na kuma sayo sabon kore. Komai ya koma daidai, Opal ma ta zo ta ba ni haƙuri.

Abu ɗaya nake roƙonki, don girman Allah
ki gaya wa Curtis wannan magana. Kin san abin da yake nema. Yana jin an ce ruwana ya kwantar da mutane ba zai tsaya jin wane ne mai laifi ba, jirgi zai hau ya zo ya karɓe makullin. Abin ya tsaya tsakanina da ke.

Yayarki,
Verna

Dakota ta Arewa
Janairu, 1988

Yaya Verna,

Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi, ke da mijin Opal. Nan sanyi ya kai inda ruwan kaji ke daskarewa kafin su sa baki, amma muna nan da rai.

Na yi abin da kika ce. Kin rubuta, "don girman Allah ki gaya wa Curtis wannan magana," ni kuwa ina gama karantawa na ɗauki waya na karanta masa wasiƙar daga farko har ƙarshe. Gaskiya na lura bayan "Allah" layin ya kai bakin takarda, akwai ɗan jan alƙalami da ya fita waje, alamar wata kalma ta sauka a kan teburin nan naki da yake daidai. Na kuma lura abin da ya biyo baya bai jitu da shi sosai ba. Amma ni wace ce da zan ƙara miki kalma a magana? Kin sha gaya min in yi abin da aka ce kawai, in bar tunani ga masu kai.

Sai maganar tiyo. Yaya, ba wanda ya sace korenki. Duk bazara motarki a bayan gidana take kwana, tiyon nan yana rataye a waje rana na dukansa, can kuma ranar hamada ta ɗora daga inda tamu ta tsaya. Tun bazarar da ta wuce ya koɗe, ya koma kalar ruwan wanke-wanke. Mai ido in ya duba zai ga sauran kore a jikinsa, musamman wajen ƙarfen bakin. Wanda idonsa ya soma tafiya kuwa fari zai gani. Hobart ya sauke shi ya ajiye kusa da ɗan'uwansa, kika dawo kika ɗauki na masai kika ɗaura a famfo, na shan kuma kika rataye a baya. Tun kafin Kirsimeti da shi kike sha, da shi kike wanke baki, da shi kika jiƙa musu shayin da ake yi wa layi. Abin da mutumin ya so faɗa miki ke nan kika ce ya rufe baki.

Za ki ce me ya hana ni faɗa tun bazara. Na zo faɗa. Na tsaya a bayan motar har na ɗaga hannu zan nuna miki, sai ranar tumatir ta faɗo min, da kika ce a gaban dangi wai ƙazanta a jinin gidanmu take, shi ya sa ba wanda ya aure ni. Har yaran aka yi dariyar da su. Sai na ce wa kaina mace mai ilimin tiyo irin wannan ai ba ta bukatar irina ta nuna mata kala. Na sauke hannuna na koma wurin kaji.

Da na gama karanta wa Curtis wasiƙar a waya, sai ya sake tambayar akwatin wasiƙu. Wannan karon ban ce iska ba. Ya ce in shaida miki yana nan tafe.

In kina da adireshin Hobart ki turo min, ina so in aika masa da kati.

Ƙanwarki,
Marlys

Yuma
Fabrairu

Marlys,

Ba zan tambayi lafiyarki ba, masu irin halinki ba sa ciwo.

Kada! Kada na rubuta, kuma kin san kada na rubuta. Ko ɗan aji ɗaya ya karanta zai gane. Macijiya kawai, ashe duk shirun nan naki dafi kike tarawa. Kin ga abu tun bazara kika ja bakinki, da mijin Opal ya mutu fa? Ke ce ƙazama, Marlys, taki a ciki take inda bilic ba ya kaiwa.

Curtis ya zo. Ko zama bai yi ba. Ya ce ina tiyon, ya durƙusa ya jawo ledar daga ƙarƙashin mota, ya zazzage ta da tsakar rana, mutane na zaune a kujerunsu na rumfa suna kallo. Ya kira Opal ya ce, "Don Allah wace kala ce wannan?" Ta ce, "Kore ne, ya koɗe." Ya kira wani, shi ma ya ce haka. Sai ya juyo ya ce, "Mama, ke fa?" Ɗan da na haifa da cikina. Na ce fari ne, kuma har gobe fari ne, baki suka haɗa. Opal ta ce a hankali, "Verna, mun kori mutum saboda ke." Na ce ni ban kori kowa ba, ƙafarsa ta kai shi.

Washegari ya ja ni wurin likitan ido. Aka haska min fitila, aka sa ni karanta allo. Wai ba yana ba ce da za a cire, wai tsakiyar ganin ne ke mutuwa, kuma ba ya dawowa. Wai kada in ƙara tuƙi. A gaban likitan Curtis ya buɗe jakata ya ciro makullin ya sa a aljihunsa, bai ko kalle ni ba. Maƙalin da ke jikin makullin na ubansa ne.

Laraba na dafa wake da nama na kai, don kada su ce kunya ta ɓoye ni. Da ruwan gora na kanti na dafa, na kuma faɗa da ƙarfi kowa ya ji. Na ajiye a tsakiyar tebur. Aka cinye komai har aka kankare kwanuka, nawa ko cokali ba a sa ba. Wata ma sai da ta janye farantinta daga kusa da shi. Na ɗauko abina na wuce ta tsakiyarsu, ba wanda ya ce min ci kanki. Kin ji daɗi? Abin da kike so ke nan?

Kada ki sake rubuto min. Ga shi nan na sa kada ɗin a tsakiyar takarda.

Verna

Sansanin bakin Yuma
Maris, 1988

Ƙanwata Marlys,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya gwiwa, yaya kaji, yaya mutanen coci? Ni ina nan. Kullum sai na je ofis na tambaya ko akwai wasiƙa, matar ta ce babu. Na san ni na ce kada ki rubuto. Ban zaci wannan ce kaɗai za ki karanta daidai ba.

Curtis ya koma bakin aiki ya bar ni a nan, motar a kafe, makullin na wurinsa. Zafi ya fara, mutane sun soma naɗe rumfunansu suna komawa arewa, kowace safiya sai in ji tashin inji. Wasu sukan ɗaga hannu, ina jin, ban tabbata ba. Ƙarshen wata sansanin zai rufe, kafin nan Curtis zai dawo. Ya ce abu biyu ne. Ko gidan tsofaffin nan na garinku, motar kuma a rabu da ita, don matarsa ta ce ba su da ɗaki. Ko kuma in sami mai ido da za ta zauna da ni, ta tuƙa, ta kula da ruwa, to zai bar min ita. Na tambayi Opal ko ta san wata. Ta ce za ta duba, ba ta dawo ba.

Marlys, ki zo.

Gadon baya na bar miki, wanda muke kwana da Orval, ni sai in kwanta a bencin tebur, ai ba ni da tsawo. Hunturu mu yi shi nan, bazara a gidanki, kajin a ba maƙwabta su riƙe. Gwiwar nan taki mako ɗaya a ranar hamada za ki manta da ita. Akwai dabino, akwai lemo a bakin hanya, ba ki taɓa cin irinsu ba. Ke za ki tuƙa, ke za ki riƙe tiyo, na rantse ba zan ce uffan ba. Maganar da na yi ranar tumatir zafin rana ne, kin san bakina, haka aka haife ni. Mahaifiyata ta ce na yi alkawari, to ga shi ina cikawa.

Jiya na kwance su don in wanke, na tsaya a bayan mota da tiyo biyu a hannu, sabon koren da farin. Na ɗaura wa ɗaya tsumma don in riƙa ganewa, tsumman ya faɗi. Na ga kamar na san wanne ne wanne. Amma ai ranar ma na ga kamar na sani. Na tsaya a wurin har rana ta ƙona min wuya, ba wanda zan kira, ban ɗaura ko ɗaya ba. Yanzu da ruwan gora nake wanke fuska. Tsoro nake ji, Marlys. Ban taɓa faɗa wa kowa haka ba, ko Orval.

Ba ni da kowa sai ke. Ki amsa kafin ya dawo.

Yayarki,
Verna

Dakota ta Arewa
Maris, 1988

Yaya Verna,

Gaisuwa mai yawa, da fatan jiki da sauƙi. Nan ƙanƙara ta fara narkewa, gwiwa ta ɗan saki, kaji sun koma ƙwai. Na yi rubutun da manyan baƙaƙe, na kuma bar fili a bakin takarda, don ki karanta da kanki ba sai matar ofis ta karanta miki ba.

Ba zan zo ba.

Na karanta wasiƙarki ban san iyaka ba, har na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba. Da a Nuwamba kika rubuta ta, da a ranar zan raba kajin, ko a ƙafa ne sai na taho. Amma ba ni kike gayyata ba, Yaya, idona kike gayyata, da hannuna. Na riga na yi wa gidanku wannan aikin sau ɗaya. Na san yadda yake farawa, da "ba ni da kowa sai ke" yake farawa, mahaifiyarki ma haka ta ce. Na kuma san inda yake ƙarewa, ni da fo a hannu. Shekarun da suka rage min ba su da yawa, ina son abina.

Curtis ya samo min adireshin Hobart daga ofis, na aika masa da kati, ya amsa. Ya rabu da motar, yana zaune a gidan 'yarsa. Ya ce ya gane zaman hanya ba nasa ba ne. Bai tambaye ki ba.

Curtis ya roƙe ni in je in duba gidan tsofaffin, na je. Tsaf yake, tun daga ƙofa warin bilic ke tarbar mutum, na ce lalle Yaya za ta ji ta zo gida. Ɗakuna biyu ne babu kowa, ya ce in zaɓa. Na zaɓar miki wanda tagarsa ke kallon wurin ajiye motoci, ki riƙa jin tashinsu, tunda kin saba. Abinci kawowa ake yi, ba a barin kowa ya dafa wa wani komai. Zan riƙa leƙo ki ranar Lahadi in an tashi daga coci, in gwiwa ta bari.

Na duba wurin ruwan ma, don na san shi za ki fara tambaya. Famfo ɗaya ne tal a ɗakin, a manne da bango, ba abin ɗaurawa, ba abin kwancewa. Ko ido rufe ba za ki rikita ba.

Ƙanwarki,
Marlys